Ɗan sanda da imaninsa: ina iyakar take idan ya sanya kaki?

Ɗan Ader a Yamai ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina da wata tambaya da ta hana ni sakat tun makon jiya, kuma na fi so in ji ta bakin waɗanda suka san aikin ɗan sanda daga ciki da waɗanda suka san addini, domin ni ɗan kasuwa ne, iyakar abin da ke kai ni komisariya shi ne sabunta katin ɗan ƙasa.

Daren Talatar da ta wuce ƙanwata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta iso gidana cikin tasi da goyo a bayanta, idonta na hagu ya kumbura har ya rufe, leɓenta kuma ya fashe. Wannan shi ne karo na uku da mijinta ya yi mata irin wannan duka, kuma a biyun farko mu ne da kanmu muka ba ta haƙuri muka maida ta ɗakinta. Da gari ya waye na kai ta likita, aka duba ta aka rubuta mana takardar shaidar rauni, sannan muka wuce wata komisariya da ba zan ambaci sunanta ba.

Jami'in da muka tarar a kan tebur dattijo ne mai fara'a, da tabon sujada a goshinsa da carbi ajiye kusa da babban littafin rajista. Wallahi bai wulaƙanta mu ba ko kaɗan: ya sa aka kawo mata kujera, ya aiki yaro ya sayo mata ruwan leda, ya saurare ta har ta gama. Amma littafin nan bai buɗe shi ba. Ya karanta takardar likita, ya maida ta cikin ambulan, ya turo mata ita a kan tebur, sannan ya ce mata tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, aure ibada ne, ta je ta samu waliyyinta da limamin unguwa a yi sulhu. Da na matsa masa cewa mu ƙara muka kawo, sai ya dube ni ya ce shi ba zai yarda hannunsa ya zama sanadin mutuwar auren Musulmi ba, domin bai san abin da zai faɗa wa Ubangijinsa ba ranar da za a tambaye shi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne labarin da na ji bayan mun fito. Mai shayin da ke bakin ƙofar ya shaida mini cewa duk wurin babu wanda ya kai mutumin nan gaskiya, bai taɓa karɓar ko dala ta kowa ba, har wani direba ya taɓa cusa masa jika biyu cikin takardun mota ya bi shi waje ya maida masa a gaban jama'a. Ke nan tsoron Allahn da ya hana shi cin goro shi ne dai ya hana shi rubuta ƙarar ƙanwata. Da farko na yi fushi na ce ɗan sanda ya ajiye addininsa a gida in zai zo aiki, sai kuma na tuna cewa in ya ajiye shi a gida, to da gaskiyar tasa zai ajiye. Don haka nake tambaya: ya dace aƙidar ɗan sanda, ta addini ce ko ta ra'ayin kansa, ta shiga cikin aikinsa? Idan ya dace, ina ya kamata ta tsaya?

Tsohon Kaki ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ƙanwarka lafiya. Na yi shekara talatin cikin wannan aiki kafin in yi ritaya, kuma tun da fari ina gaya maka cewa abokin aikin nan nawa ya yi kuskure, ko da yake na san irin zuciyar da ta kai shi ga yin sa.

Bari in fara da yadda aikin yake, domin mutane da yawa suna ɗaukar ɗan sanda tamkar alƙali. Idan mutum ya kawo ƙara kan duka ko rauni, abin da ke kan jami'i shi ne ya saurara, ya rubuta bayanin, ya kira wanda ake ƙara ya ji nasa, sannan ya miƙa takardun ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a gidan shari'a. Shi wannan ne doka ta ba ikon cewa a ci gaba da magana ko a ajiye ta. Kundin hukunta laifuffuka na ƙasarmu, wanda aka kafa tun 1961 aka yi ta yi masa gyara, ya hukunta duka da raunata mutum da gangan, kuma bai cire miji daga ciki ba. Saboda haka ranar da jami'i ya ƙi buɗe littafi, ya riga ya yanke hukunci shi kaɗai, ba tare da ya ji ɗaya ɓangaren ba, a kan kujerar da ba tasa ba, kuma bai bar wata shaida da za ta nuna cewa matar ta taɓa zuwa ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi muni, domin in abin ya sake faruwa za a ce karo na farko ne.

Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya faɗa a aya ta 3 cewa an raba gwamnati da addini, a aya ta 8 kuma ya ce ƙasa tana girmama dukkan aƙidu tana kare su, kuma kowa daidai yake a gaban doka. Na san an jingine shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma dokokin laifi da ɗan sanda ke aiki da su kullum suna nan. Albashin da muke karɓa daga harajin kowa yake fitowa: Musulmi da Kirista, da Aznan Masalata can kusa da Ƙonni, da mai gidan giyar da gwamnati ta ba takardar izini. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranar Asabar 17 ga Janairu 2015 ina bakin aiki a nan Yamai. Kwana ɗaya kafin nan Damagaram ta kama da wuta kan zanen ɓatanci ga Annabi da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, kuma cikin waɗanda suka mutu a can har da ɗan sanda. A kwana biyun nan mutum goma suka rasa rayukansu, kuma a Yamai kaɗai hukumar ƴan sanda ta ƙidaya coci 45 da aka ƙona. Ni aka ajiye da yara kaɗan a ƙofar wata ƙaramar coci. Cikin samarin da suka zo da duwatsu da jarkar mai akwai waɗanda muke sahu ɗaya da iyayensu a masallaci, kuma ɗayansu ya kira ni kafiri da sunana. Ina rantsuwa da Allah zanen nan ya ƙona mini rai kamar yadda ya ƙona nasa, amma matan da suka ɓuya a ɗakin bayan cocin ba su suka zana shi ba, yawancinsu ma ba su taɓa ganin jaridar ba. Da na bar ɓacin raina ya zaɓa mini wanda zan kare a ranar, da ban cancanci kakin ba.

Ba na musun cewa ana sulhu a komisariya kullum, kuma da babu shi da gidajen kaso sun fashe. Rikicin bashi, faɗan kishiyoyi, akuyar da ta shiga gonar wani, duk mun sha kashe su a tsaye. Amma sulhun da na yarda da shi shi ne wanda ake yi bayan an rubuta, kuma wanda aka cuta ne ya nema da bakinsa. Wannan ma ban koye shi a makarantar ƴan sanda ba. Ina sabon shiga aiki na taɓa yi wa wata mata irin wa'azin da aka yi wa ƙanwarka, na koma gida ina jin na samu lada. Bayan wata biyu ta dawo da hannu a ɗaure cikin tsumma, ta wuce teburina ta tafi na abokin aikina, ko kallona ba ta yi ba.

Iyakar da na sa wa kaina daga nan ita ce: imanina yana da iko a kan hannuna da aljihuna da harshena, amma ba shi da iko a kan haƙƙin wanda ya zo gabana.

Almajirin Zaure ya amsa:

Baba Tsohon Kaki, Allah ya saka da alheri, kuma na yarda da hukuncinka a kan jami'in, sai dai hanyar da ka bi ka kai gare shi ba ita zan bi ba. Kai ka kafa hujja da tsarin mulki, ni kuwa ina ganin ko ba a taɓa rubuta tsarin mulki ba, addinin da mutumin nan ya fake da shi bai ba shi wannan dama ba. Abin da ya yi aiki a kansa ranar nan al'ada ce da ta sanya rawani.

Ayar da ake yawan jawowa, wadda ta ce sulhu alheri ne, tana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 128, kuma magana take kan sulhun da ma'aurata suka yi a tsakaninsu bisa yarda. A aya ta 35 ta wannan sura an bayyana wanda zai shiga tsakani idan aka ji tsoron ɓaraka: mai hukunci ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Ba a ce dogari ko ɗan doka ba. Malamanmu na Malikiyya, waɗanda mazhabarsu muke bi a ƙasar nan, sun tabbatar da cewa mace tana da haƙƙin neman alƙali ya raba auren idan cutarwa ta tabbata. To, da me za ta tabbatar da cutarwar idan wanda aka ɗora wa rubutawa ya ƙi rubutawa? Ya ji tsoron a tambaye shi kan auren da zai mutu, bai ji tsoron a tambaye shi kan idon da ya gani a kumbure ba.

Game da wanda ba addininka ɗaya da shi ba, maganar ta fi haka fitowa fili. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci, aya ta 135 ta Nisa'i kuma ta ce a tsaya da gaskiya ko a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Malaman tafsiri sun kawo cewa ayoyin da suka fara daga ta 105 a wannan sura sun sauka ne kan wani Musulmi a Madina da ya saci sulke ya ɗora wa Bayahude, danginsa suka zo suna kare shi, sai wahayi ya wanke Bayahuden. Kowa kuma ya san yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Usama ɗan Zaidu da ya zo ceton wata mata ƴar babban gida da ta yi sata. Don haka, Baba, ranar da ka tsaya a ƙofar cocin nan ba ajiye addininka ka yi ba, aiki ka yi da shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau a 1754, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su, kuma wannan gaisuwa ita ce kakar goron da ake miƙawa a shingen hanya yau. Wanda ya ce a cire tsoron Allah daga zuciyar mai riƙe da bindiga, ya faɗa mana abin da zai zuba a gurbinsa.

Inda ni ke da sauran damuwa shi ne shekarar 2020. A watan Maris aka rufe masallatai saboda cutar korona, aka sa dokar hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, kuma a watan Afrilu, ana gab da azumi, aka watsa masu salla a unguwar Lazare da hayaƙi mai sa hawaye, aka kama mutum fiye da ɗari cikin ƴan kwanaki, har zuwa 13 ga Mayu da aka sake buɗewa. Ni ina cikin waɗanda suka ga dacewar rufewar, domin kare rai yana cikin manufofin shari'a kuma majalisar malamai ta ƙasa ta goyi baya, amma na san malamai na kirki da suka saɓa. Idan ɗan sanda yana bin fahimtar waɗancan, kuma ya san hadisin da ya ce babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci, me za ka ce masa, Baba? Ya harba hayaƙin cikin sahu, ko ya tuɓe kakin?

Ƴar Ƙonni ta amsa:

Ina gaida Baba da Malam. Ni malamar makaranta ce a Tawa, kuma na karanta bayananku da natsuwa, amma ina so in maido da mu kan matar da aka turo wa ambulan a kan tebur, domin maza idan suka fara jawo aya da dokoki sau da yawa akan manta da wadda ke zaune tana jira.

Mu a nan mun ga abin da ke faruwa idan ma'aikacin hukuma ya ɗauki abin da ya taso ya tarar a matsayin gaskiya. Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan jika 216, a yankin Birnin Ƙonni, ta zama wahaya ga mutumin da ya riga ya cika mata huɗu, wato abin da ake kira mace ta biyar, kuma ana kafa wa wannan al'ada hujja da addini. A 2003 ƙasarmu ta sanya bauta cikin manyan laifuffuka. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci amma ya ce har yanzu matarsa ce, da ta auri wanda take so sai ya kai ƙara, aka yanke mata ɗaurin wata shida kan wai ta yi aure kan aure, kuma ta shiga kaso. Sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi suka kai maganar kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma umurci a biya ta sefa miliyan 10. Ku lura, tun 2003 dokar tana nan a rubuce. Abin da ya rasa shi ne idon da zai dubi lamarin ya ga laifi, domin mutane da dama da takardunta suka bi ta hannunsu sun saba ganin wahaya tun suna yara, ba ta zame musu abin mamaki ba.

Shi ya sa maganar Malam, cewa addini na gaskiya bai yarda da hakan ba, ba ta isar mini. Na yarda da shi, amma ƙanwar wannan bawan Allah ba za ta iya zama ta yi muƙabala da ɗan sanda kan tafsirin Nisa'i da ido ɗaya a rufe ba. Abin da take buƙata shi ne ƙa'idar da ba ta dogara da wane malami jami'in ke sauraro a rediyo ba. Kowace shekara ina rasa ɗalibai mata a ajin ƙarshe na firamare saboda aure, a ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma duk da dokar gwamnati ta 2017 kan kare karatun ƴaƴa mata, na taɓa raka wata uwa wani ofishi aka ce mana maganar iyali ce.

Akwai kuma abin da na lura da shi: wannan haƙurin da ake wa'azinsa kullum hanya ɗaya yake bi. Ban taɓa jin ɗan kasuwar da aka sace wa babur ya je komisariya an ce masa ya yafe domin Allah yana son masu yafiya, an ƙi rubuta ƙararsa ba. Ɗan'uwa, ka koma da ita, ka nemi sashen da ke kula da mata da ƙananan yara, in kuma an sake juya ku, doka ta ba ku damar rubuta ƙara kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara. Kada takardar likitan nan ta bar hannunku sai kun yi mata kwafi.

Maƙwabcinku Kirista ya amsa:

Salama gare ku duka. Ni ba ni da dogon bayani, sai dai in gode wa Baba Tsohon Kaki, domin a ranar da ya ambata iyalina suna ɓoye a gidan wani maƙwabcinmu Alhaji, wanda ya zauna a ƙofar gidansa da buta da tabarma har dare yana cewa babu kowa ciki sai matansa. Mu da ba mu da yawa a ƙasar nan, idan muka shiga komisariya kusan kullum wanda za mu tarar Musulmi ne, kuma ba mu taɓa neman ya daina salla ko ya ɓoye carbinsa ba. Abin da muke dubawa shi ne ko fuskarsa za ta sauya idan ya karanta sunan da ke kan katin. Ina kuma so a sani cewa wannan magana ta hau kan namu ma: ɗan sanda Kirista da zai sassauta wa ɗan cocinsu, ko ya ƙi rubuta ƙarar mace domin an koya masa cewa abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba, laifinsu ɗaya da wancan.

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

Da izinin manya, ina karatun shari'a a Jami'ar Abdu Mumuni, kuma ina so in taɓa tambayar da Malam ya bar wa Baba, domin a ganina abubuwa uku ake cakuɗawa a nan.

Na farko shi ne sutura da ibadar jami'i, kuma a kansa ƙasashe sun rabu. Kanada ta yarda ɗan sanda mabiyin addinin Sikh ya sa rawaninsa tun 1990, ƴan sandan Landan sun amince da hijabi a 2001, Faransa kuwa, bisa tsarinta na raba addini da gwamnati da ya samo tushe daga dokar 1905, ta hana ma'aikacinta nuna alamar addini a bakin aiki. Wannan mu bai dame mu ba, tabarmar salla tana kowace komisariya kuma ba ta tauye haƙƙin kowa.

Na biyu shi ne jami'i ya yi amfani da ikon da aka damƙa masa don zartar da abin da ya yi imani da shi. Ƙarshen wannan hanya an gan shi a Indiya ranar 31 ga Oktoba 1984, lokacin da masu gadin firaminista Indira Gandhi biyu, mabiya Sikh, suka harbe ta saboda farmakin da sojoji suka kai wurin ibadarsu a Amritsar, kuma dubban ƴan'uwansu ne suka biya da rayukansu a kwanakin da suka biyo. Ƙin rubuta ƙara ƙaramin ɗan'uwan wannan ne, domin a duka biyun mutum ya karɓi amana bisa sharaɗi ɗaya ya yi aiki da ita bisa wani.

Na uku shi ne ƙin bin umurnin zalunci, kuma a nan ina tare da Malam fiye da yadda zai zata. A 16 da 17 ga Yuli 1942, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, ƴan sandan Faransa ne, ba Jamusawa ba, suka kama Yahudawa fiye da 13,000 a Paris, cikinsu yara fiye da 4,000, kuma waɗanda tarihi ya yaba su ne ƴan kaɗan da suka rada wa iyalai su gudu. A gida ma muna tuna 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy a Yamai, uku suka mutu. Tsarin mulkin 2010 ya faɗa a aya ta 15 cewa ba a tilasta wa kowa bin umurnin da haramcinsa ya fito fili. Amma a lura da bambancin: wanda ya ƙi harbi ya hana a cuci wani ne, kuma shi zai ɗauki hukuncin ƙin da ya yi, yayin da jami'in da muke magana a kansa ya huta da lamirinsa ne, ƙanwar wani ta ɗauki nauyin. Game da 2020, rufe masallatai umurni ne da aka bayar bisa doka, don haka mai jin ba zai iya ba sai ya faɗa wa shugabansa a fili ya nemi a sauya masa wuri, ya kuma amince da abin da zai biyo baya. Yadda aka watsa mutanen kuwa, ko an wuce gona da iri, wannan tambaya ce ta daban da ta cancanci bincike. Shi ma dattijon nan, da ya ce zuciyarsa ba ta ba shi ba ya miƙa su ga teburin da ke kusa, da ba mu taru a nan ba.

Ɗan Ader a Yamai ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, musamman Malama, domin shawararki muka bi. Jiya da safe muka koma da kwafin takardar likita guda biyu, muka nemi sashen mata, wata jami'a ta rubuta bayanin ƙanwata daga farko har ƙarshe, ta karanta mata ta sa hannu, kuma an aika wa mijin takardar sammaci ya zo ranar Litinin. Kawunmu, wanda shi ne waliyyinta, ya taso daga Tawa, kuma ya ce zai zauna da dangin mijin, amma sai bayan Litinin ɗin, kuma ba zai maida ta ko'ina ba sai da yardarta.

Muna fitowa muka haɗu da dattijon a tsakar gida yana alwalar azahar. Ya gane mu, ya tambayi jikinta, ya ga takardar a hannuna, ya yi shiru kaɗan sannan ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Na amsa da amin. Ƙanwata ba ta ce komai ba, ta gyara goyonta muka wuce. Baba Tsohon Kaki, har yanzu muna jiran amsarka kan tambayar Malam, kuma ina so in ƙara tawa: a ganinka in koma in same shi mu yi magana ta fahimta, ko in bar shugabanninsa su ji ta wata hanya?